Makunnin da Baba Mai Wayarin Ya Naɗe

Shekara talatin Baba Mai Wayarin yana gyaran wutar gidajen mutane. Ya ga gobara iri-iri, shi ya sa ba ya kwanciya sai ya kashe komai, har na'urar intanet ta falo. Wata safiya yana kunna ta, wayarsa ta nuna autansa da ya tafi neman aiki ƙetare ya kira sau tara cikin dare. Ya yini yana kira. Yau wata biyar, lambar ba ta shiga.

Yanzu ya naɗe makunnin na'urar da baƙin tef don kada kowa ya kashe ta. Matarsa ta taɓa na'urar, ta ce, "Malam, ta yi zafi fa."

Ya daka mata tsawa: "Ta cinye gidan in ta ga dama! Ki bar min ita a kunne."