Wa Ya Ƙwanƙwasa Ƙofar Inna Dije?

Ina zaune a ofishinmu na bakin tashar jiragen ruwa, ana gab da kiran azahar, sai wayata ta yi ƙara da sunan Yaya Hamadu. Na ɗauka da fara'a, don shi ba ya kira sai da wani sabon shiri a kai. Muryar da na ji ba tasa ba ce. Wani mutum ne yake Faransanci cikin haki, ya ce in na san mai wannan waya in yi maza asibiti, kamiyo, wato babbar mota, ya buge su a kan bensikin, babur ɗin haya, a Ndokoti, shi da mai babur ɗin. Kafin in isa rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jakar kamararsa tana ajiye a gefen gado, ko ƙwarzane babu a jikinta. Bikin wasu mutane zai je ya ɗauka a Cité des Palmiers. Dattawan unguwa da suka riga ni zuwa suka dube ni, suka ce, "Awwalu, kai ne ɗan gida. Kai za ka je ka gaya wa Inna Dije."

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma layi ɗaya muka tashi a unguwar New Bell ta Douala, kuma a tukunyar mahaifiyarsa Inna Dije na ci rabin tuwon ƙuruciyata. Da ya fara sana'ar ɗaukar biki da suna, ni nake riƙe masa makirfo ranakun da babu ofis. A nan na san halinsa. Yaya Hamadu bai taɓa ɗaukar mutum da loma a baki ba. In uwar amarya ta fashe da kuka sai ya sauke kamara ƙasa har ta share fuska. Bikin ɗan dako da bikin ɗan Alhaji tsayuwa ɗaya yake yi musu. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa muna barin abin da masu kallo suka fi so, sai ya ce, "Kamara baƙuwa ce a gidan mutane, Awwalu. Baƙo kuwa sai ya yi sallama." In na bar ƙarar injin wuta ta shiga aiki, ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Ido yana yafiya, kunne ba ya yi. Mu sake."

Yana da ƙane ɗaya, Usumanu. Shekarun baya Usumanu ya bi hanyar sahara zai tafi Turai, kamar yadda samarinmu da yawa suka yi. Ya kira daga hanya, ya sake kira daga bakin teku, daga nan shiru. Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce yana raye. Wani ya ce ya gan shi yana wankin mota a wata ƙasa, wani ya ce kunya ce ta hana shi kira don bai samu komai ba. Inna ta riƙe wannan magana ta biyu, ta ƙi sakinta. Tun daga ranar ba ta ƙara sa wa ƙofarta sakata ba.

Daga wannan ciwo Yaya Hamadu ya ciro shirinsa na tele. Labarin wata tsohuwa ce a New Bell da ɗanta ya tafi bai dawo ba, da yadda unguwa take rayuwa a kewaye da jiranta. Kashi na farko kawai muka iya yi, wanda masu harkar suke kira pilot, wato ɗanɗano da ake nuna wa gidajen tele don su ɗauki nauyin sauran. 'Yan wasanmu duk mutanen layi ne: mahauci, mai shayi, telan da ke bakin masallaci. Da aka zo kan wadda za ta fito a uwar, ya je ya durƙusa gaban Inna. Ta ce, "Hamadu, da girmana da hajjina za ka sa ni a tele? Ka rasa wanda za ka yi wa wasa sai ni?" Ya ce, "Inna, za a nuna shi har ƙasashen waje." Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Har inda Usumanu yake?" Ya ce in Allah ya yarda. Ta ce, "To ɗauko abin naka. Amma ka haska fuskata da kyau, don ya gane ni."

Wannan shi ne dalilin fim ɗin, kuma ina so duk mai karanta wannan ya riƙe shi. Inna ba ta fito don suna ba. Ta fito ne don ɗanta ya ga fuskarta a inda yake, kunya ta sake shi, ya ɗauki waya.

A ƙarshen kashin, tsohuwar tana zaune tana tsince shinkafa, ruwa yana dukan kwano irin na Douala, sai a ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ajiye faifai, ta tashi, ta buɗe, ta ɗaga ido. A nan hoto yake ɗaukewa. Ƙofarta ce ta gaske, kuma ni na ɗauki sautin. Sau ɗaya aka nuna shi a unguwa, a ajin wata makaranta da la'asar, kuma ranar ba a watse ba sai da gardama. Mai shayi ya ce jandarma ne, don Musulmi ba ya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi shiru, sallama yake yi. Tela ya ce a'a, yaron ne ya dawo, zaman Turai ya mantar da shi sallama. Daga ranar ko'ina Yaya Hamadu ya bi sai a ɗaga murya, "Mai kamara, wa ya ƙwanƙwasa?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ku bari kashi na biyu ya fito." Ko ni bai gaya mini ba, ko matarsa Fadimatu.

Daga nan muka shiga hannun masu festibal, wato tarukan da ake baje sababbin finafinai da shirye-shiryen tele. Ba zan kama sunan kowa ba, amma Allah ya san su. An kira mu Yaoundé, an rataya mana baj a wuya, an zaunar da mu a ɗaki mai sanyi. Da ƙofa ta buɗe hoto ya ɗauke, ɗakin ya tashi da tafi. Wata madam daga cikin masu shirya taron ta riƙe hannunsa biyu tana cewa, "C'est magnifique!" Ita ce ta kafa masa sharaɗi: kada ya kuskura ya sa fim ɗin a intanet, kada ya tura wa kowa a waya, don da zarar ya bazu babu festibal da zai karɓa, babu gidan tele da zai saya. Ya ce ya ji, ya ba ta magana. Yaya Hamadu kuwa in ya ba da magana, ko wuƙa aka sa masa ba ya janyewa.

Abin da ya biyo baya, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Kowane taro da tasa buƙatar. Wannan ya ce zamani ya wuce tele kaɗai, sai labari ya bi ta kafofi da yawa: a yi na rediyo, a yi na zane, a tsara saƙonnin murya da ɗan zai riƙa turowa a waya. Duk ya yi. Na rediyon ma an sa shi a wata ƙaramar tasha da ko a Japoma da ke gefen gari ba a kama ta da kyau, kuma rediyo ba ya nuna fuska. Sauran suka ƙare a cikin dosiye, wato fayil ɗin takardu, ana juya shafi ana gyaɗa kai. Wani taron ya jera fim ɗinmu cikin na Najeriya, don ba su yarda akwai Hausawan da aka haifa a Douala, aka binne kakanninsu a Douala ba. Wani gidan tele ya ce Hausar ta yi yawa, a mayar da shi Faransanci. Wani ɗan kasuwar fim daga arewa ya ce Faransancin ne ya yi yawa, Hausarmu ba ta nuna ba. Da aka gayyaci fim ɗin ƙasar waje, fim ya samu shiga, mai fim ya rasa biza. Kowa kalma ɗaya yake rabuwa da mu a kanta: za mu kira ku. An yi ta ce mana gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Mu ma na gida ba mu fita ba. Alhazan unguwa da ya je wa da kansa don su tallafa a yi kashi na biyu, cewa suka yi fim shashanci ne, bai dace da ɗan mutunci ba. Ranar da ya dawo da wani gunkin katako da aka ba shi kyauta, su ne a gaba wajen ɗaukar hoto da shi. Jiya-jiyan nan na gan su a zaman makoki suna cewa unguwa ta yi rashin gwarzo. Gwarzon da kuka bari yana hawa bensikin da kamara a cinya, yana tsallaka Ndokoti don ya ɗauki rawar 'ya'yan wasu?

Duk tafiyar da ya yi, in ya dawo Inna tana zaune a bakin wannan ƙofa. Ba ta tambayar kyauta, ba ta tambayar tafi. Cewa take, "Hamadu, an nuna?" Ya ce an nuna, Inna. "Mutanenmu na can sun gani?" Sai ya sunkuyar da kai. Ya san su wa suka gani: masu baj ne, a ɗakin da mai wankin mota ba zai taɓa shiga ba. Na sha yi masa magana. Na ce, "Yaya, ka sake shi a waya, kafin Juma'a ya zagaye duniya. Romon baka kawai mutanen nan suke ba mu." Ya ce, "Na sani, Awwalu. Amma in na sake shi, Inna za ta buɗe ƙofa ta tsaya a nan har abada. So nake a ga wanda ya shigo." Yana so ya ba uwarsa abu biyu, a ga fuskarta kuma a ga ƙarshen jiranta, masu festibal kuwa suka riƙe masa duka biyun da alkawarin da ba su yi niyyar cikawa ba.

Ranar da ya rasu na taho daga asibiti a ƙafa daga bakin titi, ana yayyafi. Na tsaya a ƙofar Inna. Tun ina yaro da sallama nake shiga gidan nan, amma ranar na buɗe baki sallama ta ƙi fita. Sai na ga hannuna ya tashi ya ƙwanƙwasa. Na ji an ajiye wani abu a ƙasa, na ji takunta da sauri irin wanda ban san tana da shi ba. Ta buɗe, ta ɗaga ido, fuskarta cike da haske. Ta gan ni, ta ga jakar kamara a kafaɗata, hasken ya mutu ina kallo. Ta ce, "Ashe kai ne, Awwalu." Ba ta ƙara tambayata komai ba. Ta dafa bango ta zauna a ƙasa.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga kiran madam ɗin nan. Ta yi ta'aziyya da kalmomi masu daɗi, ta ce a taronsu mai zuwa za su karrama shi, za su sa hotonsa babba a bango, za su sake nuna fim ɗin. Abu ɗaya take roƙo, iyali su ci gaba da riƙe shi kada ya fita waje kafin lokacin. Yana raye ba su kira ba, sai da ƙasa ta rufe shi suka tuna da lambarsa. Na je na gaya wa Inna da Fadimatu yadda muka yi. Inna ta ce, "Hamadu ne ya ba su magana, kuma ya cika ta har kabari. Ni ban ba kowa magana ba. Fuskata ce. Ka sa ta a wayar kowa."

Na sa. Mai shayi ya tura wa ɗansa, tela ya tura wa ƙaninsa, yanzu fim ɗin yana yawo a ƙasashen da aka hana mai shi shiga. Har zuwa yau da nake wannan rubutu ba wanda ya kira. Kashi na biyu kuwa ya tafi da shi a ƙirjinsa, kuma ba wanda ya ƙara yin waccan tambaya ta wa ya ƙwanƙwasa a layi. Usumanu, in kana raye, in wannan ya iso gare ka, ka sani yayanka ya ƙarar da ƙarfinsa yana nemanka ta hanyar da ya iya. Ba wanda zai tambaye ka me ka kawo.

Ya Allah, bawanka Hamadu ya zo gare ka. Ya rufa wa mutane asiri da kamararsa, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa, shi da mai babur ɗin da suka tafi tare. Ka ba Fadimatu haƙuri, ka raya 'ya'yansa bisa gaskiyar ubansu, kada ka bar su a hannun masu alkawarin baka. Ka dafa zuciyar Inna Dije, wadda har yanzu ba ta sa sakata. Ya Allah, duk wanda zai ƙara ƙwanƙwasa wannan ƙofa, ka sa ya zo mata da alheri. Amin.