Ƙirjin Baba Dogara

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baba Dogara hannu ya san abin da zan faɗa. Shi ba ya gaisuwa irin ta mutane. Kana miƙa hannu zai kauce wa tafin, ya ɗora wuyan hannunsa a kan naka, ya lumshe ido, sannan ya fara ba ka labarin kanka. Wai kafaɗarka ta hau sama, da wa ka yi faɗa da safen nan? Wai gwiwar hannunka ta buɗe, ko yaron goye zai iya tura ka ƙasa. A coci in aka ce kowa ya gaisa da na kusa da shi, layinsu ne na ƙarshen zama. Har ta kai wasu dattawan unguwar Television in sun hango shi tafe sai su cika hannu biyu da kaya, don su samu hujjar gaishe shi da baki kawai.

Ni ne Bulus mai gyaran firiji a Romi, mijin Rahila, 'yarsa ta fari. Babu wanda ya sha hannun nan kamar ni, don haka ku bar ni in yi magana.

Abin ya samo asali ne a Kakuri, zamanin da masaƙu ke aiki. Baba yana kula da injunan saƙa, a sashensu kuma akwai wani tsohon injiniya ɗan Caina da ba ya jin Hausa, Turancinsa ma bai fi na Baba ba. Lokacin hutun rana, a ɗan lungun da ke tsakanin injuna inda mutum ba zai iya ware hannu ba, a nan tsohon ya koya masa wani reshe na kunfu da ake yi gab da gab. Babu tsalle, babu ihu. Mutum biyu za su tsaya fuska da fuska, su haɗa sangalin hannu, su riƙa juyawa a hankali kamar masu tuƙa tuwo a tukunya ɗaya, kowa yana sauraron ɗan'uwansa ta fata. Wanda ya turo da ƙarfi, a kauce a bar shi ya wuce. Wanda ya ja da baya, a bi shi. Wanda kuwa ya bar ƙofa a tsakiya, a shiga kai tsaye a taɓa masa ƙirji. Sunan wasan da yaren Caina Baba ya sha faɗa mini, bai zauna mini a ka ba. Shi kansa manna-hannu yake kiransa.

Sai ana gab da komawar tsohon zuwa ƙasarsu Baba ya samu ya taɓa masa ƙirji. Tsohon ya yi dariya, ya nemo mai fassara, ya ce a gaya wa Dogara wannan wasa ajiya ce aka ba shi, kuma ba za ta sauka daga kansa ba sai ranar da wani da ya koya wa ya taɓa nasa ƙirjin. Baba ya riƙe maganar nan kamar ayar Littafi. Masaƙa ta rufe, abokan aiki suka watse, wasu suka koma gida noma, shi kuwa babbar damuwarsa ita ce wanda zai sauke masa ajiya.

Ɗalibai kam ya samu da farko. Samarin Television da na Mahuta sun kalli fina-finai, suka cika masa tsakar gida suna so a koya musu tashi sama. Baba ya ce da tsayuwa ake farawa: yatsun ƙafa su kalli juna, gwiwoyi su matso ciki kamar wanda ya matse akuya a tsakanin ƙafafunsa. Da ya ga misalin bai shige su ba, sai ya je ya kwanto akuyar Mama Saratu, matarsa, ya riƙa ba su ita ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan gayu mai farin wando ya matse ta, ita kuma ta yi masa abin da akuya ke yi in ta ji matsi.

"Baba, abeg, yaushe za mu fara fulayin kik?" in ji ɗan gayun, yana duba wandonsa.

"Ƙafar da ta kasa riƙe akuya ce za ta tashi sama? In ta tashi, wa ka bari a ƙasa ya tsare maka gida?"

Kafin wata ya ƙare tsakar gida ta koma daga Baba sai akuya.

Da ya rasa abokin yi, sai ya tuna malaminsa yana da wani mutum-mutumin katako mai hannaye da yake gwaji a kansa. Ya je wurin kafinta, kafinta ya faɗi kuɗi, Baba ya juyo ko sallama bai yi ba. Kun dai san shi, mutumin da ke tsaga ashana biyu. Ya dawo gida ya ɗauki taɓaryar Mama guda biyu da ƙotar fartanya, ya ɗaure su a jikin mangwaron tsakar gida da robar taya. Mama ta dawo kasuwa ta tarar da mijinta yana kokawa da bishiya, ƙwas, ƙwas. Ta wuce kicin abinta. Lokacin cin abinci ta ajiye masa kwano a rufe, ya wanke hannu, ya yi addu'a mai tsawo, ya buɗe ya ga tsabar masara.

"Abokin naka da ke riƙe da taɓaryata," ta ce, "ka ce ya daka maka."

Washegari ya kwance ɗaya ya mayar mata, yana cewa dama malaminsa ya ce da hannu ɗaya ake farawa.

Ana cikin haka ni kuma tsautsayi ya kawo ni neman aure. Mun zo gaisuwa da kawunnaina, na sha sabuwar shadda, kaina a ƙasa. Ana shirin shiga maganar da ta kawo mu sai Baba ya ce a dakata, yaron ya miƙe. Na miƙe ina zufa. Ya ɗora hannayensa a kan nawa, ya juya sau ɗaya ko biyu, ban san yadda aka yi ba na tsinci kaina zaune a cinyar babban kawuna. Baba ya gyaɗa kai ya ce ba ni da saiwa ko ta tumatir, amma hannuna yana jin magana. Ya ba ni Rahila, da sharaɗin duk Asabar da yamma in zo. Kawuna, da ke neman in ɗaga masa cinya, ya ce sun yarda kafin in buɗe baki. Ɗalibi yana iya gudu, amma suruki ina za shi?

Haka na shiga. Baba ya raɗa wa kowane motsi suna na gida. In ka shimfiɗa tafi sama, sunansa karɓi-canji. In ka ɗaga gwiwar hannu ka karkatar da bugu, fiffiken-kaza ke nan. Dokarsa babba ita ce gwiwar hannu ba ta barin tsakiya, don wanda ya tsare layin da ya taso daga hanci zuwa cibiya ya tsare gida. In na sa ƙarfi ya ce ni ba firiji nake ɗauka ba. In na saki jiki da yawa ya ce ko taliya ta fi ni ƙashi. Shekarun farko don Rahila nake zuwa. Daga baya na wayi gari ina son abin, har in Asabar ta zo ba na karɓar aikin yamma.

Wanda bai taɓa yarda da wasan ba shi ne amininsa, Alhaji Sani mahauci na Makera, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa kuma bai bar kowa ya manta ba. Yakan zo da ƙullin nama ya zauna a benci yana kallonmu, yana cewa wannan shafe-shafe ne, ɗan dambe naushi ɗaya zai yi a tashi taro. Wata Asabar Baba ya gaji ya ce to bismilla. Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun dama da tsumman goge babur, ya miƙo hagu gaba, ya ja baya zai ware. Dambe kuwa da fili ake yinsa. Baba ya taka ciki ya manne wa hannun hagun nan. Alhaji ya ja baya, Baba ya bi. Ya sake ja, Baba na nan kamar kaska. Suka zagaye mangwaro, suka bi ta bayan randa, hannun daman Alhaji na sama yana neman hanya, har ƙafarsa ta ci karo da turmi ya zauna a kai yana haki.

"Haba Dogara! Ka ba ni fili in doke ka mana!"

"Alhaji, ai filin nake hana ka tun ɗazu."

A mahauta kuwa Alhaji ya ba da labari cewa canjaras aka yi, tunda zama ya yi, ba faɗuwa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Bayan 'yan shekaru hannuna ya fara jin ƙofa. Baba na ɗan sakin gwiwar hannu, fatata za ta gaya mini tun kafin ido ya gani. Amma da hannun ya kama hanya sai in tuna ƙirjin wane ne a gabana. Ni da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in kai wa surukina hannu a ƙirji? Ba haka aka rene mu ba. Hannun zai tafi, saura ƙiris, ya dawo da kansa. Baba kuwa yana jin duk abin da ya faru, ransa ya ɓaci.

"A wurin nan babu suruki," ya ce mini wata rana. "Hannu ne da hannu."

"Baba, hannun ma ai ya san surukinsa."

Babu dabarar da bai yi ba. Ya ɗaure mini ido da ɗankwalin Mama don kada in ga fuskarsa, ƙanshin man zafinsa ya tona shi. Ya ce in ɗauka shi mai gidan hayata ne, na ce mai gidan haya bai ba ni 'ya ba. Ƙarshe ya kai ƙarata wurin fasto. Fasto ya saurare mu har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya ce tunda ya fara aikin Ubangiji bai taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar surukinsa don ya ƙi dukansa ba. Ya sallame mu da addu'a, Baba ya fito yana mita wai fasto ma gwiwar hannunsa a buɗe take.

Bara ciwon zuciya ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, likita ya hana shi duk wani aikin ƙarfi. Asabar dai bai yarda an soke ta ba, sai dai muka koma yi a zaune, a benci, ƙarƙashin mangwaro. Wata rana na iso Mama Saratu ta yafito ni kicin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce mijinta ba mutuwa yake tsoro ba. Abin da ke sa shi ajiyar zuciya shi ne zai tafi da kayan mutane a kansa, wasan kuma ya bi shi kabari.

"Kunya ado ce, Bulus," ta ce, "amma ba a barin tsoho da kaya a ka saboda ita. Ni uwar matarka na ba ka izini. Ka taɓa shi. In da hali ma ka ƙara masa ɗaya, ta taɓaryata."

Na fito na zauna a gabansa, gwiwa na gogar gwiwa. Hannayensa sun rame, ba nauyi, na ce a raina yau abin zai zo da sauƙi. Ina! Kafin in gama wannan tunani ya ɗan buga mini ƙirji, ya ce kafaɗata ta hau. Muka sake, ya sake bugawa. Mara lafiyar nan ba shi da niyyar ba da komai kyauta, kuma na gode masa da hakan. Na rufe ido na daina lissafi, na bar fata ta yi aikinta. Muna juyawa, muna juyawa, can sai ƙofa ta buɗe, 'yar ƙarama, ta gefen hagunsa. Wannan karon ban tsayar da hannun ba. Tafina ya sauka a ƙirjinsa.

Na zabura zan janye in durƙusa in ba da haƙuri. Ya kama wuyan hannuna da hannu biyu ya danne shi a wurin.

"Bar shi nan tukuna," ya ce. "Na daɗe ina jiransa."

Ina jin zuciyarsa a tafina, ta yi gudu ta huta, ta yi gudu ta huta. A nan na gane ba mu da sauran Asabar da yawa, kuma na yi kuka a gaban surukina ban ji kunya ba. Ya bar ni na yi mai isata. Da na lafa sai ya sake ni, ya jingina da bishiya yana murmushi.

"Yanzu kaya ya koma kanka. Allah ya haɗa ka da suruki mai kunya, ka ji abin da na ji."

Bai ga ƙarshen damina ba. Ya tafi cikin barcin rana, Mama na zaune kusa da shi tana tsince wake.

Ya Ubangiji, ga bawanka Dogara ya zo maka ba ajiyar kowa a kansa. Ka karɓe shi, ka ba shi hutawa, ka sanyaya zuciyar Mama Saratu. Ni kuma ka ba ni ikon riƙe abin da ya bar mini, har in samu wanda zan miƙa wa. Amin.