Na'urar da Ba Ta Dawo Gyadi-Gyadi Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Nura, Allah Ya jiƙansa. Duk lokacin da watan ya zagayo, abin da ke fara faɗo mini a rai shi ne wani rami da na gani a katifata muna cikin amarci a Gyadi-Gyadi. Ina gyaran gado na ga an yanki soso daga gefe, zagayayye tas kamar bakin kofi. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, na san abin da ake yi da yankin katifar amarya. Na aika aka kira mini Gwaggo Asabe, ƙanwar babana.

"Wannan ba aikin ɓera ba ne," in ji ta. "Wa da wa suka shigo ɗakin nan?"

Muna cikin lissafo 'yan biki sai ga Malam. Ya dube mu, ya dubi ramin, ya sosa ƙeya. "Gwaggo, a yi haƙuri, ni ne ɓeran."

"To, Allah Ya shirye ka. Duk soson da ke Kano, sai na 'yata?"

Malam kimiyya yake koyarwa a wata kwaleji. Yana da wata na'ura mai kai biyu da ke fuskantar juna, ɗaya na aika siririn sautin da kunnen mutum ba ya ji, ɗayan na karɓa. Sai ya sa soso ko allon ɓuntun shinkafa a tsakani, ya duba yadda sautin ya makara da yadda ya raunana kafin ya fita. Da haka yake gane yadda ƙofofin cikin abu suka murɗe, da ko zai iya shanye ƙara. Burinsa ya yi silin mai araha daga ɓuntun da ake zubarwa, talaka ya huta da janareta da injin markaɗe. Ya taɓa ce mini zai gina mini ɗakin da ba zan ji komai ba sai muryarsa. Ban taɓa karanta kalamin da ya kai wannan ba.

Mutum ɗaya ne ban taɓa sakin jiki da shi ba: abokinsa Sagir, mai shagon silin a Tarauni. Yakan zo ya zauna, gaisuwa a gaggauce, sai tambaya. Danƙo yaya ake zubawa? Yaya ake danne allon? Yana magana da Malam, idonsa na kan na'ura. Da na yi ƙorafi, Malam dariya ya yi. "Ke dai Bilki, kowa a wurinki mugun cikin littafi ne."

Da ciwo ya kwantar da shi, damina ta sauka, ɗakin aikinsa na yoyo. Sagir ya ce a ba shi na'urar ya adana a shago. Aka sa ta a adaidaita sahu ina kallo ta taga. Bayan sadakar arba'in na tambaya, ya ce ta samu matsala, an kai gyara. Har yau tana gyara.

Ba ni da shaida, kuma ina tsoron Allah. Amma bayan rasuwar ba da daɗewa ba allunan ɓuntu suka bayyana a shagonsa, da sunansa a jiki. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce in ya gan su. Ina jin satar ba za ta dame shi kamar fentin ba, domin Sagir na shafe su da fenti mai ƙyalli don masu saye, fenti kuwa toshe ƙofofin yake yi. Na halarci biki a wani ɗakin taro da aka ce aikin Sagir ne, muryar mai sanarwa tana dukan bango tana dawowa har kaina ya yi ciwo.

Abin da Malam ya bari mai rai shi ne 'yarmu Ummi. Kimiyya take karanta, kuma aikin mahaifinta take so ta ƙarasa a shekararta ta ƙarshe. Bara ta je Tarauni da kanta ta durƙusa ta ce, "Baba Sagir, ko a lalace take, a ba ni." Ya ba ta lemo, ya yi wa marigayi addu'a mai tsawo, ya ce zai bincika.

Yanzu Alhaji Sagir ne, ya buɗe shago na biyu a Hotoro, yaransa na kiransa Injiniya. Kwanan baya danja ta tsayar da mu tare a kan hanyar Unguwa Uku, ni a adaidaita, shi a motarsa. Muka haɗa ido. A hankali ya ɗaga gilashi.