Lissafin da Nake Ɓatawa da Gangan

Ranar wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da na shiga ƙaramar sakandare a Dutse, can ƙarshen shekarun 1990. Ana saukowa daga masallaci na ɗare katangar gidanmu ina kallon unguwa tana watsewa. Haka ma'aikatan Dutse suke yi a lokacin, kowa ya cusa iyalinsa a mota ya nufi Kano, sai kuma Litinin. Kafin la'asar layinmu ya yi tsit, na rantse har ƙadangaru sun bi motar ƙarshe. Gida biyu ne suke saura. Akwai namu, don Baba direba ne, kullum ana iya nemansa, garinmu Buji da muka baro kuwa sai da salla. Sai na Maman Bitrus, 'yar Filato, tsohuwar malamar makaranta da ta koma aikin ofis, 'ya'yanta suna can gida wajen kakarsu. Inna ta ɗago kai ta ce, "Hajara, sauko kafin ki karye. Ungo dambun nan, kai wa baiwar Allah."

Kowa ya san kwanon maƙwabci ba ya komawa fanko, don haka na tsaya a ƙofa ina haɗiyar yawu. Ta tambaye ni ajina, na faɗa. Ta tambayi makina a lissafi, na ce malaminmu ya ba ni ƙwai, har Inna tana shirin soyawa. Ta yi dariya, ta shiga ciki, ta fito da kwanon. Da na buɗe a hanya na tarar da cincin, a ƙarƙashinsa kuma takarda a ninke, lissafi biyar. Ban taɓa ganin zalunci irin wannan ba.

Daga ranar haka muka riƙa yi. In kai abinci da amsa, kwano ya dawo da sababbin tambayoyi. Wata rana lissafi, wata rana kimiyya, wata rana ta ce in rubuta mata tatsuniyar da Inna ta yi min, in faɗi wanda na fi tausaya wa a ciki da dalili. Ba a daɗe ba na gano wani abu. In na ci duka, sai ta ja jan biro kawai, ta miƙo kwano daga ƙofa. In na faɗi, sai ta ce, "Shigo, sarauniyar surutu." Ta shimfiɗa tabarma a gindin gwandarta, ta yanka lemo gida takwas ta nuna min rabi da kwata, in na gane in cinye. Ta jiƙa wake a auduga muna leƙa shi kullum har ya tsiro. Ta bar ni in yi ta zuba labarin Buji, ina ƙara gishiri, tana cewa, "Kai, 'yar nan!"

Ni kuwa ba ni da kowa. A makaranta 'yan Kano suna ce min baƙauya. A gida in na gama ɗebo ruwa a famfo, na wanke kwanuka, na ba awaki dusa, sai in zana 'yar gala-gala a tsakar gida in yi ni kaɗai, in ci kaina, in zargi kaina da maguɗi. Tabarmar nan ce kaɗai wurin da wani yake jiran in ƙarasa magana. To yaya zan yi da na fara gane lissafi? Sai na koma ɓata shi da gangan. In yi aikin tsaf daga sama har ƙasa, a layin ƙarshe in ce bakwai da takwas sha uku ne. Shekara biyu ina wannan sana'a, a makaranta ina ta hawa, a kwano ina ta faɗuwa, ina jin duk Jigawa babu mai wayona.

Shekarar da na kai aji uku, ina shirin jarrabawar shiga makarantar kimiyya, aka fara maganar shari'ar Musulunci. Ba wanda ya ce wa Maman Bitrus uffan a layinmu don tana Kirista, har Baba ya tsaya a ƙofarta ya ce, "Madam, muddin muna nan ba abin da zai same ki." Amma jita-jita ta yi yawa, 'ya'yanta suka yi ta aiko wasiƙa, ta fara ɗaure kaya. Ranar Laraba ta ba ni tambaya goma. Na zauna na ɓata su duka, mummunan ɓatawa, har na rubuta cewa kifi da hanci yake numfashi, na kai mata. A lissafina, ba yadda za a yi malama ta tafi ta bar ɗaliba a wannan hali.

Da hantsin Asabar mota ta zo. Ta miƙo min kwanon da kanta, ta ɗan jima riƙe da hannuna, ba ta ce in shigo ba don an riga an naɗe tabarmar. Sai da motar ta sha kwana na buɗe takardar. Ta ba ni goma bisa goma. A ƙasa ta rubuta: "Wanda bai sani ba, ba ya iya kuskure mai tsari haka. Tun wata na biyu na gane ki. Ni ma ina son baƙuwa. Ranar jarrabawa ki rubuta na gaskiya."

Na rubuta na gaskiya, na kuma ci. Ranar da sakamako ya fito na je ƙofarta da gudu, na tsaya ina kallon kwaɗon da aka kulle ta da shi.

Yanzu Dutse ta cika, Juma'a ba ta kwashe kowa, Keke Napep har cikin lungunmu. 'Yata tana tambayar waya duk abin da ya shige mata duhu, lissafi ne ko adabi, kafin ta ƙifta ido ta samu amsa. Ba ta taɓa faɗuwa da gangan ba, kuma ina yi mata murna. Sai dai wani lokaci in ta zo min da tambayar da na san ta sani, nakan ajiye abin da nake yi, in matsa mata ta zauna.