Kocin Da Yake Juya Wa Fili Baya

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Alhaji Isiyaku, wanda Hausawan Manchester suka fi sani da Dogo. A zamaninsa, idan ka bi ta bayan ɗakin wasanni na council, wato ƙaramar hukuma, da ke unguwarmu a Old Trafford ranar Talata ko Alhamis bayan la'asar, tun daga bakin titi za ka ji ƙarar takalma a kan katako da ihun samari. Yanzu gidaje ne masu hawa a wurin, an kewaye su da shinge. A da, idan wata kwaleji a Amurka ko wata jami'a a nan ta nuna tana son ɗanka saboda ƙwallon kwando, akwai mutum ɗaya da za ka je ka tambaya, ya gaya maka gaskiya ko da za ta hana ka cin tuwo. Yau uba zai kalli bidiyon ɗansa a waya, ya tura wa 'yan'uwa, kowa ya rubuto masha Allah, shi ke nan an gama shawara.

Ina wannan rubutu ɗan autana Faruk yana ɗakin da ke jikin nawa, ƙofa a rufe. Shekararsa ashirin da biyar. Shekara biyar ke nan da ya dawo daga Amurka, kuma tun lokacin galibi abin da ke haɗa ni da shi bai wuce gaisuwar safe ba. Ba zan iya tuna Dogo ba tare da na yi maganar wannan ƙofa ba, don haka masu karatu su yi haƙuri da ni.

Dogo injiniya ne, gyaran na'urorin hawa bene ne aikinsa. A samartaka ya buga wa jiharsu ƙwallon kwando, har gwiwa ta hana shi. Da ya ga 'ya'yanmu suna tasowa dogaye, ba su da abin yi bayan makaranta sai zaman bakin shago, sai ya nemi council ta ba shi awa biyu sau biyu a mako. Ba wanda ya ɗora masa. Ni kuwa aikin samar da ruwan sha ya yi yawo da ni, Yamai, Dakar, Khartoum, Lyon, kafin na sauke jaka a nan. Saboda Faransancin da ke kufce min a baki yake kirana Bafaranshe, ni kuma in ce masa falwaya.

Yawon nan ya nuna min wani abu da muka sha tattaunawa da shi. A Dakar, ɗan kokawa ba ya shiga babban fage sai ƙartin unguwarsu sun sha kayar da shi a rairayi. A Lyon na ga yaro ɗan shekara goma sha shida yana buga wa ƙungiyar garinsu tare da magidanta, yana shan gwiwar hannu yana tashi. A nan Ingila kuwa ƙwallon kwando ɗan bora ne, ƙwallon ƙafa ya kwashe komai. Yaron sakandare da sa'anninsa kawai yake karawa, sau da yawa shi ne mafi tsawo a duk gundumar. Sai ya zuba ƙwallo talatin a raga, a ɗauke shi bidiyo, a ce gwarzo ya bayyana. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ranar da ya isa kwaleji zai tarar da ƙato ɗan shekara ashirin da uku, mai mata da ɗa, wanda wannan gurbin ne kaɗai hanyarsa ta fita daga talauci.

Saboda haka Dogo yana da al'adarsa. Kafin ya rubuta wa kowane yaro takardar shaida, sai ya ɗauke shi a jirgin ƙasa ranar Asabar da safe zuwa Birmingham. Can unguwar Edgbaston akwai wani fili da ɗaliban digiri na uku da ma'aikatan asibiti suke haɗuwa su buga, manyan mutane masu gemu da ƙarfi. Zai jefa yaron cikinsu. Sannan ya ja kujera, ya juya wa filin baya, ya zauna yana fuskantar bango. Mutane sun ɗauka wasa yake yi. Cewa yake hannu da ƙafa ya riga ya gan su a Manchester, kunne ya kawo Birmingham. Wasan nan ba a yin sa da baki a rufe. Dole ka daka wa abokin wasanka tsawa cewa ga wani nan a bayansa, ka nemi ƙwallo da ƙarfi, ka ce wa wanda ya girme ka ya matsa. Idan bai tsinci muryar yaro a cikin muryoyin manya ba, to yaron bai shirya ba, ko da ya fi kowa jefawa.

Shekarar da Faruk ya cika goma sha takwas, abu biyu suka zo tare. Wata ƙaramar kwaleji a Amurka ta ga bidiyonsa ta ce za ta ɗauki nauyin karatunsa idan zai buga mata. A daidai lokacin kuma gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council ta fara rufe ɗakunan karatu da wuraren matasa ɗaya bayan ɗaya. An rage wa Dogo awanninsa zuwa rana ɗaya, sannan aka liƙa takarda a ƙofa cewa ƙarshen bazara za a rufe ɗakin gaba ɗaya.

Na bi su Birmingham ranar gwajin. Ni na kalli fili, Dogo ya kalli bango. Faruk ya yi abin da har yau idan na rufe ido ina gani. Ya jefa daga nesa ya ci, ya jefa daga kusa ya ci, har wani ma'aikacin jinya ɗan Jamaika ya cire hula ya rusuna masa. Akwai wani likita ɗan Kano a cikin 'yan wasan, mai kimanin shekara arba'in, wanda Faruk ya durƙusa ya gaishe shi kafin a fara. Na lura sau biyu ƙwallo ta dawo daga allon da ke bayan raga tsakaninsu, Faruk ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, amma ya janye hannu ya bar masa. A raina na ce, ka ga ɗan halak.

A jirgin dawowa, bayan mun wuce Wolverhampton, Dogo ya juyo wurina. Faruk yana kujerar bayanmu.

"Bafaranshe, yaron nan bai shirya ba."

"Kai falwaya, bango ka kalla. Ni na ga wasan."

"Minti arba'in ina saurare. Na ji ɗan Jamaika, na ji Dakta, har mai shara na ji. Ban ji ɗanka ba ko sau ɗaya. Ya ga gemu ya haɗiye harshe. A bar min shi shekara ɗaya, in riƙa kawo shi nan duk Asabar har ya koyi yi wa Dakta tsawa."

"Wato tarbiyyar da na ba shi ce laifi?"

"A gidanka ado ce. A can za su ce tsoro ne. Kocin zai yi masa magana ya sunkuyar da kai, Bature kuma idan ba ka kalle shi cikin ido ba cewa zai yi raini ne ko rashin gaskiya. Kai da ka zaga duniya ai ka fi ni sani."

Na sani, shi ya sa maganar ta yi min zafi. Na ce masa shekara ɗaya a ina, alhali nan da wata uku za a sa wa ɗakinsa kwaɗo? A kan titi yaron zai yi atisaye? Na ce dama sau ɗaya take ƙwanƙwasa ƙofar baƙo a ƙasar nan. Ya ce zai nemi wani wuri, ko da filin makaranta ne a cikin ruwan sama. Na ce masa hassada ce irin ta wanda gwiwa ta hana shi zuwa ko'ina. Wannan kalma ita ce mafi muni da na taɓa gaya wa mutum, kuma a gaban ɗana na faɗe ta. Dogo ya juya ya kalli taga har muka iso. Faruk ya ji komai, bai ce uffan ba, don ni na koya masa cewa yaro ba ya sa baki a maganar manya. Ban juya na tambaye shi abin da yake so ba. Ko a raina tambayar ba ta zo ba.

Dogo ya ƙi rubuta takardar. Na je wurin malamin motsa jiki na makarantarsu ya rubuta cikin minti goma. Dattawan masallacinmu duk sun ji labari, wasunsu sun yarda da Dogo, amma kara ta hana kowa buɗe baki. Allah ya sa albarka kawai na riƙa ji. Ranar tafiya Dogo ya zo filin jirgi duk da haka, ya rungume yaron, ya ce masa, "In sun taka ka, ka yi ƙara." Ni da Dogo kuwa gaisuwa kawai muka yi. Bayan wata huɗu zuciyarsa ta tsaya yana kan aiki. Na tsaya a sahun gaba a jana'izarsa da wannan kalma a wuyana, ban taɓa janye ta ba.

Abin da ya faru a Amurka bai kauce wa maganarsa ko da taku ɗaya ba. Faruk ya fi kowa zuwa atisaye da wuri. Amma kocin ya rubuto cewa yaron ba ya magana a fili, abokan wasansa ba su san inda yake ba, kuma idan ana yi masa gyara ƙasa yake kallo kamar ba da shi ake ba. Shekarar farko a benci ya yi ta. Ta biyu aka kawo wani sabo aka ba shi gurbinsa, tallafin karatun ya tafi tare da gurbin. Duk wayar da muka yi a shekara biyun nan, lafiya lau Baba yake ce min. Ya dawo ba digiri, ba ƙwallo, ya shiga ɗaki.

Na kai shi wurin GP, likitan unguwarmu, aka sa sunansa a layin masu jiran ganin likitan ƙwaƙwalwa. Mun jira har na daina duba akwatin wasiƙu. Tsukewar da ta rufe ɗakin Dogo ita ce ta tsawaita wannan layi. Mahaifiyarsa tana ajiye abinci a bakin ƙofa. Wani lokaci yakan yi aikin ɗaukar kaya a sito na 'yan makonni, sai ya bari. Na yi addu'a, na yi faɗa, na yi lallashi. Ina jin harshe biyar, na rasa wanda zan yi wa ɗana magana da shi. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na tanƙwara nawa da kyau, ba wanda ya gaya min yadda ake miƙar da shi.

Nakan tambayi kaina me Dogo zai ce da ya ga yau. Ina jin zai fi jin haushin bidiyoyin nan da iyaye ke yawo da su, an yanke duk kuskure, an ɗora kiɗa a kai har ba a jin muryar kowa. Zai tambaya ina manyan da yaran nan za su kara da su, tunda wuraren da ake haɗuwa kyauta sun ƙare. Iyalai biyu na sani, ɗaya a unguwar Ardwick nan Manchester ɗaya a Birmingham, da ke shirin tura 'ya'yansu bana. Ban ce yaran ba su iya ba. Cewa nake ba wanda ya gwada su, kuma ba wanda zai iya kallon uba ya ce masa a'a. Ni ban isa in zama wannan mutum ba, amma ga labarina na shimfiɗa a jarida da sunan ɗana a ciki, da izininsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Neman izinin nan ne ya kai ni ƙofarsa shekaranjiya bayan azahar. Na ƙwanƙwasa, abin da uba a gidanmu bai saba yi ba. Na zauna a bakin gadonsa na ce masa Kawunsa Dogo ya yi gaskiya, ni na yi kuskure, kuma na tura shi ba tare da na tambaye shi ba. Na ce ya yafe min. Na kuma ce masa na ji har yanzu wasu suna haɗuwa a Edgbaston ranar Asabar, idan yana so mu je tare.

Ya ce, "Ba komai, Baba, na yafe. Ka rubuta, su karanta. Amma ƙwallo, I'm done, na gama da ita. Kada ka ƙara kawo min maganarta."

Na buɗe baki zan ce ai shekara ashirin da biyar ba tsufa ba ne. Sai na rufe, na ce to.

Dogo bai bar gini ba, bai bar kofi ba, yaran da ya horar sun watsu cikin ayyukansu. Abin da ya rage nasa shi ne misalin mutumin da ya yarda ya rasa amini don kada a cuci yaro, kuma ya rasa ɗin, yaron ma bai tsira ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ya yafe min. Ban san ko Faruk zai fito daga ɗakin nan ya yi rayuwa irin ta sa'anninsa ba, kullum da wannan fargaba nake tashi. Abin da na sani shi ne ba zai ƙara buga ƙwallon kwando ba har abada, kuma daga yau duk abin da ya shafi rayuwarsa shi zai yanke, ni sai dai in ji.