Yayana Mai Jan Zare da Ƙofar da Aka Kulle

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan wata huɗu yana fama da ciwon ƙoda. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas, ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Shekara talatin ya yi yana gyaran kayan ɗakin gwaje-gwaje a wata kwalejin koyon sana'a, amma a unguwa ba wanda ya san shi da wannan. Mai Jan Zare kawai ake ce masa.

Yaya, dangi sun ce in rubuta maka ta'aziyya, sun kuma ce in sassauta harshe. Zan gwada, amma ka san halin ƙanenka. Ni tela ne, yadi na iya ɗinkawa, ban iya yi wa magana ado ba. Kwananka ya ƙare, na karɓa, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Abin da mutum ya yi da hannunsa ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ga wanda bai san shi ba, yayana mutum ne da Allah Ya jarabta da son leza. Ba irin 'yar ƙaramar nan da ake nuna rubutu da ita a allo ba, ita wannan abin wasa yake ce mata. Tasa ta dā ce: bututun gilashi mai tsawon kamu ɗaya, an ɗura masa iskar gas iri biyu, hiliyam da niyon, da madubi ƙarami a kowane baki. Idan aka ba shi wuta cikinsa ya ɗauki launin ruwan lemo, sai wani siririn haske ja ya fito ta baki ɗaya, miƙe sak kamar zaren da aka ja. A wurin 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa yake tsinto irin waɗannan bututai, cikin tsofaffin na'urorin karanta farashi da manyan kantuna suka zubar. Wani ya tashi, wani ya ƙi, shi dai ba ya gajiya.

Kwalejin ta bar masa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, wanda ko taga ba shi da ita. Ya ce ya fi masa gida, domin daɓen siminti ne mai kauri, ba ya girgiza, kuma jikoki ba za su kai hannu ga wayar wuta ba. Can nake samunsa ran Asabar in na rufe shago da wuri. Sai ya kaɗa tsumman goge allo a iska, ƙurar alli ta tashi, zaren ya bayyana daga wannan bango zuwa wancan. Ni da na tsufa da zare a hannu ban taɓa ganin mai kyansa ba.

Yaya, ka tuna ranar da na kai hannu na ɗauki wani bututu da ka riga ka kashe? Ashe yana riƙe wuta a cikinsa ko an zare shi daga soket. Ya fizge ni har sai da na ƙwala kiran sunan mahaifiyarmu, da gemuna da komai. Ka yi dariya har da hawaye, amma sai da ka fara karɓe bututun ka ajiye shi lafiya kafin ka tambayi hannuna. Na yi fushi, na yi sati biyu ban zo ba, kai ka biyo ni shago da wandonka wai a rage maka ƙugu.

Ba wasa kawai yake yi da ita ba. Shekarar da ruwa ya riƙa kwanciya a layinmu, magina biyu suka yi kwata ta ƙi gudu. Yaya ya ɗauko lezarsa ya ɗora a kan kujera a bakin layi, ya sa ni riƙe sanda ina tafiya yana yi mata alama, har muka gano inda ƙasa ta yi tudu. Tun daga ranar ruwa bai sake shiga ɗakin kowa ba. Teburin yankan da ke shagona ma shi ya daidaita mini. Ko godiya aka yi masa sai ya sunkuyar da kai, kamar shi aka yi wa alheri.

Cikin bututansa akwai wadda yake ji da ita fiye da duka, Tsohuwa yake ce mata. Ta girmi babbar 'yarsa. Madubinta ɗaya a waje yake, da hannu ake saita shi, kuma sai da ya yi kwana uku yana murɗa sukurori kaɗan-kaɗan kafin ta fara ba shi haske. Matsalarta ɗaya: irinta da gam aka liƙe bakinsu, iskar waje tana ɗan sulalawa ciki a hankali. Maganin abin shi ne a riƙa kunna ta, domin in tana aiki tana cinye dattin da kanta. In aka bar ta a kashe da daɗewa, shi ke nan. Saboda haka duk Asabar sai ya kunna ta awa biyu, shekara goma sha tara bai tsallake ba, ko ranar auren 'yarsa sai da ya sulale ya je.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ba ni makulli ya ce in riƙa zuwa. Asabar ta farko na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar. Shugaban sashensu ne ya sa aka canza, wai kayan haɗari ne, ba za a bar su a buɗe mai su ba ya nan ba. Na je ofishinsa da ladabina, na yi masa bayanin gam da iska daidai iyawata. Ya ce in kawo takarda. Na kawo. Ya ce sai da sa hannun mai kayan. Na kai wa Yaya a gadon asibiti, ya sa. Ya ce sai kwamiti ya zauna. Sau biyar ina zuwa, na biyar ɗin ko ɗagowa bai yi daga wayarsa ba. Na ce masa ko shi da kansa ya shiga ya danna maɓalli ɗaya, ba sai ni ba. Ya ce shi ba ma'aikacin yayana ba ne.

Wannan mutumin, Yaya, kai ka koya masa riƙe abin awon wuta lokacin da ya zo sabo. Kai kake shirya masa kayan gwaji tun da sassafe don kada ya ji kunya a gaban ɗalibai. Na sha gaya maka ba ya ganin girmanka, kana cewa in bar shi, aiki ne ya yi masa yawa.

Duk zuwan da zan yi asibiti, kafin ka tambayi iyalina sai ka tambayi Tsohuwa. Na yi ta ce maka ana kan magana. Sati biyu kafin rasuwarka na same ka da la'asar, ka rame har zoben hannunka na zamewa. Ka dube ni ka ce, "Tela, ka samu ka kunna ta?"

Na ce, "Na kunna, Yaya. Sun buɗe mini."

"Ta kama?"

"Nan take ta kama."

Ka ce madalla, ka juya fuska bango. Na fito ina jin na yi abin kirki.

Kwana uku da rasuwarka shugaban sashen ya zo gaisuwa da tawagarsa. Ya tashi a gaban jama'a ya ce kwaleji ta yi rashin ginshiƙi, ya ce ba za a taɓa cike gurbinka ba, har muryarsa na rawa. Da za su tafi ya ja ni gefe. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro makulli, ya ce a taimaka a kwashe kayan kafin ƙarshen mako, suna so su zuba kujeru a ɗakin. Babu takarda, babu sa hannu, babu kwamiti. Wata huɗu makullin nan yana yawo a aljihunsa. Wallahi ba don kawunmu ya riƙe mini hannu ba, da na yi abin da zai kunyata gidanmu a ranar.

Washegari na buɗe ɗakin. Komai na nan yadda ka bar shi, har tabaraunka a kan littafin da kake rubuta ranakun kunnawa. Na danna maɓallin. Cikin bututun ya yi wani shuɗi-shuɗi mai fari, ba ruwan lemon da na sani ba, kuma bangon da ke gabanta wayam. Na kaɗa tsumman alli har na shaƙe, ban ga komai ba. Na zauna awa biyu, na dawo washegari na ƙara biyu. Abokinka na wani gari da kuke musayar bututu ya ce a waya in daina wahalar da kaina, iska ta gama da ita.

Da na kai kayan gida na kasa riƙe abin, na gaya wa matarka ƙaryar da na yi maka. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Ai ya sani. Kana fita ya ce mini Tsohuwa tunda take ba ta taɓa kamawa nan take ba, sai ta yi minti guda tana ƙyafta ido. Ya ce kai kullum a kunne kake tarar da ita, shi ya sa ba ka sani ba. Ya ce kada in nuna maka, wai ka gaji da yawa, a bar ka ka ji ka yi masa wani abu."

To ka ji, Yaya. Kana kan gadon mutuwa, ka san ta tafi, amma ni kake lallashi. Shugaban sashe ya hana ka abu ɗaya da ka roƙa, ni kuma na hana ka gaskiya, ka haɗiye duka biyun. Na san da kana nan cewa za ka yi in yafe masa. Ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan sake yi maka ƙarya ba.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka saka masa da Aljanna bisa haƙurin da ya yi da mu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da ta yi jinyarsa ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yansa uku, da jikokinsa, da kawunmu, da maƙwabtan layinmu. Allah Ya ba mu juriyar rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, Allah Ya sanyaya mini zuciya, domin Yaya ya tafi ban samu na ce masa ya yafe mini ba.