Tuwon da na auna a Turba

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da malamarmu da direba. A cinyata akwai ƙaramin sikeli da littafi da robobi masu murfi. Aikina in yini a gida guda, in auna abin da aka dafa da abin da kowa ya ci, in ɗebo kaɗan mu kai ɗakin gwaji a duba sinadaran da ke ciki.

Bayan Goronyo hanya ta fara jijjiga mu. Direba ya ce ramukan nan ya san su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma tare suka girma. A Sabon Birni muka karya da ƙosai da kunu. Na tambayi kuɗin tiyar gero, mai hatsin ya faɗa yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifin. Daga nan muka nufi Isa. Gonakin nesa da gari ba wanda ya share su, saboda tsoron 'yan bindiga.

Kuskurenmu ya riga mu isa ƙauyen Turba. Kwana biyu kafin tafiyar mun aika wa mai unguwa cewa za mu zo ganin abin da mutane ke ci.

Gidan da aka kai ni na wata dattijuwa ce mai riƙon jikoki huɗu, mijinta ya rasu. Ta tuƙa tuwon gero, miyar kuka ta ji daddawa, har da kaza. Na auna kowace malmala, na rubuta, na cika robata, ina ta murna a raina. Yaran suka ci da sauri, ba mai ɗaga kai. Wannan ne ya tsaya mini.

Na daɗe ina juya tambayar kafin ta fito. "Inna, hatsin nan daga rumbu aka ɗebo?"

Ta yi dariya. "Wane rumbu, ɗiyata? Ɓeraye ma sun yi ƙaura. Irin shuka na."

"Irin da za ki shuka bana?"

"An ce baƙi za su taho da littahi. In bari a rubuta gidan marigayi ba a ɗora tukunya? Ci, kar shi huce."

Na ci, don ƙin ci ya fi muni.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Na koyi cewa sikeli yana faɗin nauyin abin da ke cikin kwano, amma ba ya faɗin inda aka samo shi, kuma mai irin aikinmu ba ya aika saƙo kafin ya je. Muna shiga Sakkwato ruwan farko ya sauko, wanda manoma ke jira su fita shuka. Na gaya wa malama komai. Ta ce in cire shafin gidan daga binciken, tunda ba abincinsu na kullum ba ne.